Hadarin da Bai Zo da Ruwa ba

Shekaranjiya da hantsi ina tsaye a kicin ina juya miya, wayata ta yi ƙara a kan firji. Idona ya daina ganin ƙananan rubutu, sai na ce wa jikata Rim ta duba mini. Saƙon gargaɗi ne, irin wanda ake turo wa kowa idan zafi ya kai inda ya kai. An ce busasshiyar iska za ta taso, kada kowa ya kunna wuta a dazukan kan duwatsu, masu hawa shan iska kuma su kashe gawayinsu kafin su tashi. Rim ta karanta shi tsaf da Larabci, sannan don ta burge ni ta ce bari ta mayar mini da shi Hausa.

"Sitti, wai akwai hadari a jabal."

Ban san lokacin da ludayin ya fita daga hannuna ba. Yarinyar ta tsorata, ta ɗauka miya ce ta ƙona ni. Na ce mata ba komai, ta je ta yi wasanta. Na zauna a bakin taga ina kallon jabal ɗin, wato duwatsun da suka kewaye unguwarmu ta Ka'akiyya a nan Makka, baƙaƙe ƙirin, rana na dukansu, sai wata shekara da na daɗe ina gudun tunawa ta dawo mini gaba ɗayanta.

Babana mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Katsina. Da ƙafa ya zo Makka, ya yi shekaru a hanya, duk inda damina ta same shi ya tsaya ya yi noma, ya ƙara gaba. Bayan ya sauke farali ya zauna, ya auri Ummata wadda aka haifa a unguwar Jarwal, a nan cikin Makka, aka haife ni a can. Amma zaman gari bai taɓa karɓarsa ba. Yakan ce ƙasa mai alfarma ce, babu ja, sai dai ko kuɓewa ɗaya ba ka da inda za ka soka. Ina shekara takwas ya samu aiki a gonar wani dattijon Balarabe a kan duwatsun da ke gaba da Ɗa'if, muka tattara muka koma can. Ammu Salim muke kiran dattijon. 'Ya'yansa duk sun tafi Jidda aiki, sun bar shi da gona da amyoyin zumansa da ciwon gwiwa.

Gonar hawa-hawa take, kowane hawa an tokare shi da duwatsu. A na sama akwai rumman da inabi, a na ƙasa Baba ke shuka dawa. Bayan gonar kuma gangare ne cike da wani itace da suke kira ar'ar, mai ƙamshi, mai ƙaro a jiki, wasu sun girmi kakan Ammu Salim. Dutsen nan fuska biyu gare shi. Ta yamma ya gangara zuwa teku, daga can wani farin hazo mai laima yake hawowa, ya lulluɓe itatuwa har ka ji ruwa na ɗiga daga ganye ba tare da an yi sama ba. Ta gabas kuwa kwaruruka ne da suka buɗe zuwa sahara, iskar da ke fitowa daga can kamar an buɗe murfin tanderu.

Duk da haka, kullum da la'asar Baba sai ya dogara fartanya ya juya gabas yana duban sama, don a garinsu daga can ruwa ke zuwa. Ammu Salim ya yi ta yi masa dariya.

"Ya Abu Khadija, a bakin tanderu kake neman ruwa?"

"Bari dai, Ammu. Wata rana za ka gani."

Baba yana jin Larabci, yana yi daidai gwargwado, amma ya kafa doka a gidansa: ni ba zan yi masa magana da Larabci ba. In na yi, sai ya mai da kansa kurma. In tsaya a gabansa ina cewa "Abuya, abuya," ya ci gaba da gyaran ƙotarsa har sai na ce "Baba". Hausata kuwa abin dariya ce. Ƙawayena Larabawa, makarantata Larabci, Umma ma in ta yi fushi da Larabci take faɗa. Ɗaki nakan ce daki, ƙofa kofa. Baba ya riƙe ciki don dariya yana cewa an ba shi Balarabiya a madadin Dije. Ina jin haushi ƙwarai, kuma babu abin da nake so a duniya kamar ranar da zai ce na iya.

Shekarar da nake magana ina da goma sha biyu, kuma azumi ya faɗo a tsakiyar zafi. Ruwan bazara bai sauka ba. Hazon teku ma ya ɗauke ƙafa, sai mu hango shi can ƙasa ya tsaya, ya ƙi hawowa. Ciyawa ta bushe har tana karyewa a ƙarƙashin takalmi. Igiyar guga da a da take rage kamu uku a hannu, sai da Baba ya ƙulla mata wata, kuma ruwan da ke fitowa rabinsa laka. Da asuba bayan sahur ni da Umma mu ɗebo, mu bar shi ya kwanta, mu tace da mayafi. Na farko na sha, na biyu na girki, wanda aka wanke kwanuka da shi kuma Baba ya ɗauka a gwangwani ya bi gindin rumman ɗaya-ɗaya yana zuba musu kamar mai ba jinjiri magani. Birai suka fara saukowa daga dutse da rana tsaka, ba kunya ba tsoro, har wani ya taɓa shigowa ya sure mana ƙullin gurasa a gaban idon Umma. Zuma ta daina fita kiwo sosai, sai ta taru a bakin rijiya tana lasar danshi.

Azumina na farko ke nan da na yi niyyar kaiwa ƙarshe. Kafin azahar harshena ya manne da dasashi, in kwanta a kan siminti in ɗaga riga don cikina ya ji sanyi. Da magariba dabino ne da kunu, sai tuwon dawa da 'yar kukar da alhazai suka kawo wa Baba tsaraba, wadda Umma take ɗiba da bakin cokali don ta kai mu salla.

A cikin wannan hali Baba ya yi sassabe a hawan ƙasa. Ya sare ƙaya da busassun karare, ya tara su tsibi-tsibi, yana jiran ya ƙona, kamar yadda ake yi a garinsu kafin ruwan fari, toka ta shiga ƙasa ta ba ta ƙarfi. Ammu Salim bai so ba. Na ji su suna ja-in-ja a gindin rumman kwana da kwanaki. A ƙarshe dattijon ya ce ya yarda, amma da sharaɗi ɗaya: Baba ba zai ƙyasta ashana ba sai ranar da shi Ammu Salim ya ga alamar ruwa tabbas, ya aiko masa. Baba ya ce ya ji. Tun daga ranar kullum ashana na aljihunsa, kunnensa na hawan sama.

Ranar da abin ya faru, da sassafe na kai wa Ammu Salim tulun ruwansa. Na same shi a waje yana shafa duwatsun katanga da tafin hannu. Babu raɓa ko kaɗan. Ya ɗaga kai ya shaƙi iska, ya dubi amyoyinsa da ke jere a ƙarƙashin wani falalen dutse, ko zuma ɗaya ba ta fita. Fuskarsa ta canza. Gwiwarsa ba za ta kai shi hawan ƙasa ba, sai ya kira ni, ya yi mini magana da Larabci.

"Ya binti, ruga wurin babanki. Ki ce masa yau akwai khaɗar, daga gabas zai taso kafin azahar. Ya san maganar."

Na ruga. Ina sauka ina juya saƙon a kaina, ina neman Hausarsa, don na san in na faɗa da Larabci Baba zai mai da kansa kurma. Khaɗar na san shi. Na sha jin Umma tana faɗin Hausarsa idan na leƙa rijiya, na kuma sha jin Baba yana faɗin wata kalma idan gajimare ya taru. A kunnena kalma ɗaya ce. Kuma ban ga abin mamaki ba, don ni 'yar Jarwal ce. A Makka in gajimare ya yi baƙi a kan duwatsu, iyaye kan janye 'ya'yansu daga titi, saboda ambaliya ba ta sallama. A wurina girgije da abin tsoro duk abu ɗaya ne.

Na same shi yana ƙara ƙaya a kan tsibi. Na tsaya na daidaita numfashi, na faɗa a hankali don kada in yi kuskure.

"Baba, Ammu Salim ya ce in faɗa maka yau akwai hadari. Daga gabas zai taso kafin azahar. Ya ce ka san maganar."

Tun da nake ban taɓa ganin fuskar Baba ta yi haske irin na lokacin ba. Ya saki ƙayar, ya ɗaga hannu sama.

"Alhamdu lillahi. Daga gabas ya ce? Yau dai tsoho ya yarda da ni." Sannan ya dafa kaina. "Kai, Dije, yau Hausa ta zauna a bakinki. Ko ɗigon Larabci babu."

Na ga murnarsa ta yi yawa a kan saƙon da mai shi ya faɗa fuska a ɗaure. Na gani sarai, kuma wani abu ya ɗan taɓa ni a ƙirji. Amma ya yabe ni, abin da na shekara huɗu ina jira, sai na haɗiye tambayar, na koma gida ina tsalle.

Da farko wutar ta yi ladabi. Daga ƙofar gida ina hango hayaƙi yana miƙewa sama sambal, tsibi na ci ɗaya bayan ɗaya, Baba na zagayawa da reshe a hannu. Rana ta kusa tsaka sai hayaƙin ya kwanta. Iska ta iso daga kwarin gabas, mai zafi, busasshiya, ta ɗaga mayafin Umma daga igiya ta jefa shi bayan gida. Ko ƙyallin gajimare babu a sama. Tartsatsi ya tsallake katangar dutse ya faɗa ciyawa, ciyawa ta miƙa wa ar'ar na farko. Ƙaron jikinsa ya kama da wata ƙara kamar an zuba ruwa a tafasasshen mai. Daga nan wutar ta fara hawan gangare, kuma wallahi ta fi mutum gudu.

Mutanen ƙauyen da ke kusa da gonar suka fito, maza da mata, kowa da azumi a bakinsa. Wasu da shebur, wasu da rassa, wasu da buhunan da aka jiƙa da ruwan da muka tace don sha. A lokacin hanyar mota ba ta kai can ba, babu wanda za a kira, babu ma abin kiran. Ana dukan wuta a nan tana ɓullowa a can. Hayaƙi ya rufe rana har ta koma ja. Na ga birai suna tsere da 'ya'yansu a baya, na ji Ammu Salim yana kiran sunan Allah da wata murya da ban san shi da ita ba.

Baba bai tsaya dukan wuta ba. Da ya ga inda ta nufa, sai ya yanki hanya ya haura wurin amyoyin. Gumaguman itace ne da aka rarake, tun na mahaifin Ammu Salim, kuma su ne abin da dattijon ya fi so a duniya. Wuta ta riga shi isa. Ya sa hannu haka nan, ba ƙyalle ba komai, yana jawo su yana mirginawa ƙasa, kakin zuma na narkewa yana zubo masa a yatsu, zuma ta yi masa baƙi a fuska da wuya. Sai da maza biyu suka riƙe shi ta baya suka ja shi.

Wutar ba mu muka kashe ta ba. Ta ci har ta kai inda dutse ya zama tsirara, iska kuma ta faɗi bayan la'asar, sai ta mutu don kanta. Gangaren ar'ar ya tafi, rumman na hawan sama sun tafi, amyoyi 'yan kaɗan ne suka tsira. Har yau in sukari ya ƙone a tukunya sai na fita daga kicin, don warin ƙonanniyar zuma ke nan.

Da aka kira magariba mutane suka zauna a kan toka, aka miƙa dabino. Baba ya kasa ɗauka. Umma ce ta cire ƙwallon ta sa masa a baki, a gaban maza, ba ta ko ji kunya ba. Ammu Salim ya matso da sandarsa ya zauna kusa da shi. Bai ɗaga murya ba.

"Yarinyar ba ta iso maka ba? Na ce khaɗar, ya Abu Khadija. Khaɗar na ce."

Baba ya dubi hannuwansa. Na ga leɓɓansa na motsi kamar mai ɗanɗana wani abu. Ya dube ni sau ɗaya, ya kawar da kai.

"Ta iso, Ammu. Ta faɗa mini. Ni ne ban tsaya na ji ba."

Ko a lokacin ban gama ganewa ba. Sai bayan kwana uku, wata Bahaushiya ƙawar Umma ta hawo daga Ɗa'if dubiya. Ina zuba musu ruwan alwala na ji Umma tana ce mata mai magani ya ce hannuwan suna cikin haɗari. Matar ta yi salati, ta dubi baƙin gangaren, ta ce Allah dai ya kawo hadari ƙasa ta huce. Kalmomin biyu suka zo mini a jere, ɗaya na bin ɗaya, kuma a karon farko kunnena ya raba su. Butar ta kusa faɗuwa daga hannuna. Na zagaya bayan gida na yi kuka har na yi amai, alhali babu komai a cikina.

Ruwa ya zo kwana tara bayan gobarar, daga yamma, daga teku, inda Ammu Salim ya saba sa ran zuwansa. Ya sauka kamar da bakin ƙwarya, ya tarar babu itacen da zai riƙe ƙasa, ya kwashe toka da ƙasar gona ya gangara da su kwari. Baba yana zaune a ƙofa da hannuwa a naɗe yana kallo.

Ammu Salim bai kore mu ba. Har roƙon Baba ya yi ya zauna, ya ce ƙaddara ce. Amma yatsun sun warke a manne, ba sa riƙe fartanya, kuma Baba ya ce ba zai iya wayar gari kullum yana duban gangaren nan ba. Bayan salla muka sauko Jarwal. Mutumin da ya noma ƙasashe a hanyarsa ta zuwa Makka ya koma zaman bakin titi da tiren asuwaki da tasbaha. Bai ƙara shuka komai ba, bai kuma ƙara juyawa gabas da la'asar ba.

Dokar gidanmu ma ta mutu ba tare da an sanar ba. In na yi masa Larabci sai ya amsa. Sai dai ya ɓullo da wani wasa. In na kawo masa abinci ya ce, "Dije, ce ɗaki." In ce. "Ce ɗan wake. A'a, harshen ya koma baya. Ce ɗinki." Har na yi aure, har na haihu, har na fara aikin girkin alhazai a Arfa duk shekara, bai daina ba. Kalma ɗaya ce bai taɓa sa ni in faɗa ba, ni ma ban taɓa furta ta a gabansa ba. Sau nawa na zauna kusa da shi da niyyar in ce, Baba, ni ce. Sai in dubi hannuwan, in fasa. Wani lokaci in ce ya sani, wani lokaci in ce bai sani ba, kuma ban san wanne ya fi ci mini rai ba.

Da tsufa ya kwantar da shi, a nan Ka'akiyya yake, a ɗakin da Rim ke kwana yanzu. Wata la'asar ina shafa masa mai a yatsu, na ga in ban faɗa yau ba, ba zan samu gobe ba.

"Baba, ranar gobarar nan, saƙon da Ammu Salim ya ba ni..."

"Ce ɗaki," ya ce, idonsa a rufe.

"Baba, don Allah ka bari in..."

"Ce ɗaki, Dije."

Na ce.

"Ce ɗan wake."

Na ce, hawaye na zuba a kan hannunsa.

"To, ce waccan."

Na daɗe kafin ta fito. Na mayar da harshen baya yadda ya koya mini, na ce, "Haɗari."

Ya gyaɗa kai a hankali.

"Madalla. Saƙo ya iso. Ni na hana ki faɗa da bakin da kika iya, ke kuma kin yi mini biyayya. Tashi ki kawo mini ruwa."

Bai kai Juma'a ta biyu ba.

Yanzu ana turo wa kowa gargaɗi a waya, akwai motoci, hanya ta kai har ƙauyen. An ce gangaren ya fara yin kore, amma ar'ar ba ya sauri, wanda ya tsiro bayan gobarar bai kai inuwar da mutum zai zauna ba tukuna. Ban taɓa komawa na gani ba.

Da na gama zamana a bakin taga, na kira Rim. Ta zo a ɗarare, tana tsammanin faɗa zan yi mata a kan Hausarta. Na zaunar da ita a cinyata, duk da ta yi girma da hakan, na miƙa mata wayar. Na ce ta sake karanta mini da Larabci, tun daga farko, kada ta bar ko kalma ɗaya.